Yadda Kawuna Ya Ci Iyaka Cikin Kwamfuta

Shekarar da ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta Sabon Birni ta sayo babbar kwamfuta, wadda ake ce ma saba, ni anka kira in raba ta, tunda ni na yi karatun abin a Sakkwato. Rabon tsakanin 'yan hatsi ne da 'yan shanu. Kawuna ke shugabantar 'yan hatsi. Na 'yan shanu kuwa wani dogon dillali ne daga Kurawa, wanda ko masallaci ya shiga sai ya duba sahu kamar mai taya bijimi.

Na buɗe murfin sabar na nuna musu. Injin tunani biyu gare ta, kowane da tasa ƙwaƙwalwa jere kusa da shi. Na ce kowane ɓangare ya ɗauki inji ɗaya da ƙwaƙwalwar da ke gefensa, shi ke nan.

Kawu ya leƙa ciki, ya daɗe.

"Kai yaro, mu munka fi yawa. Ɗebo mini ƙwaƙwalwa daga wancan gefe ka ƙara."

"Kawu, in na ɗebo, aikinku za shi yi nawa. Kamar ka aje geronka a rumbu can garin Bafarawa ne, kullum sai an hau babur kafin a yi tuwo."

"Ni za ni hau babur ɗin? Ɗebo."

Dillali bai damu ba. Hotunan shanunsa kawai yake son ajewa, ko rabin nasa kason ba su cika ba. Na ɗebo.

Ranar kasuwa abin ya nuna halinsa. Magatakardan 'yan hatsi ya danna, ya tafi ya yi alwala, ya dawo, allo na nan yana juyi. Na 'yan shanu kuwa garau. Kawu ya iske dillali gaban jama'a ya ce shanunsa ne ke tsallakowa suna yi masa ɓarna cikin na'ura, kamar yadda sunka saba a gona.

Dillali ya miƙe tsaye. "Alhaji, hoto ne! Hoto na cin kara?"

"Naku na ci."

Sai da liman ya shiga tsakani. Da yamma Kawu ya jawo ni gefe, ya rage murya, ya ce in mayar da kowa gidansa. Na mayar, komai ya koma gudu. Washegari na ji shi yana gaya wa mutane cewa tun farko shi ya ba da wannan shawara, yaran zamani ne ba su jin magana.

Shi da dillali sun shirya, har sunka yi shawara ɗaya: na'ura mai daraja haka bai kamata ta zauna tsirara ba. Sunka sayo darduma mai kauri daga Maraɗi sunka lulluɓe ta ruf. Na yi bayanin zafi da iska har muryata ta dushe. Duk sauran zamana a wurin, aikina na farko kowace safiya shi ne yaye dardumar, na ƙarshe kuma in mayar da ita kafin su iso da yamma.