Na Kawo Ido, An Tura Ni Baki

Kawuna tela ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya yanke zare da almakashi ba. Haƙori ne almakashinsa. In farin zare ya fito da ɗan ja-ja, sai ya goge a gefen wando ya ci gaba da taka keke. Dasashinsa ya daɗe yana jini, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yanar ido da ta rufe masa gani. Zura zare a allura ya gagara, masu kawo ɗinki suka fara janyewa. Mutumin da ya aurar da 'ya'yansa da keken nan, ga shi zai rufe shago. Ni na raka shi asibiti, aka auna jininsa, likita ta ce ba za a taɓa idon ba sai hawan jinin ya sauka. Ta ƙara masa magani, sannan ta ce ya buɗe baki. Tana leƙawa ta ce sai ya ga likitan haƙori.

"Ikon Allah! Na kawo ido, an tura ni baki," in ji Kawu. "Gobe kuma sai ƙafa?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, kumburin dasashi ba ya tsayawa a baki. Ƙwayoyin cuta suna bi ta wurin da ke jini su shiga jiki, jijiyoyin jini su yi ta fama. In aka gyara nan, can ma yakan samu sauƙi. Amma kada ka bar maganinka."

Wallahi sai da na ja shi zuwa wurin likitan haƙorin kamar rago ranar kasuwa. Aka kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran, yana riƙe da hannun kujera yana watsa mini harara. Bayan nan kuwa ya zama sarkin buroshi, har matarsa ta ce man goge baki ya fi sabulu saurin ƙarewa a gidan.

Da muka koma bayan 'yan watanni, jinin ya sauka, awon kumburi ma ya yi kyau. Likita ta ce a shirya aikin ido. Ni da na zo rakiya na fi shi tsalle, har wata nas ta ce in tuna asibiti nake.

Ranar da aka cire masa bandeji, ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta ido, ya ƙura wa wuyan rigata kallo, ya sa yatsa ya bi ɗinkin.

"Kai, wane maras tsoron Allah ne ya yi maka wannan aika-aika?"

"Kai ne, Kawu. Bara."

Ya sake duban ɗinkin, idon na hawaye. Sannan ya miƙo hannu.

"Tuɓe. Ba za ka fita titi da ita ba ina raye."