Guɗar Da Na Yi Wa Masu Kashe Mana Rafi

A lokacin ni mai bandar kifi ce a wani ƙauye na bakin tafki a ƙasar Ngaski, kuma ni ce mai guɗar garin. Mijina masunci ne, muna rufa wa kanmu asiri, har masu haƙar zinare suka sauka a saman rafinmu. A nan suke wanke ƙasarsu, ruwan ya koma jawur kamar kunun kanwa. Kifi ya daina shigowa yin ƙwai, in mijina ya jawo taru sai laka. Yara kuwa ƙaiƙayi har su fasa jiki da susa.

Ana haka sai ga wasu 'yan birni da kyamarori, wai shirin talabijin suke ɗauka kan rayuwar mahaƙa, za a riƙa nunawa mako-mako. Matan gari suka taru suka ce ni zan kai kukanmu, tunda bakina ba ya mutuwa. Na ɗaura zanen salla, na kai su bakin rafi, na ɗebo ruwan a ƙwarya, na nuna musu ƙafafun autana, na yi magana har murya ta dushe. Shugabarsu, wata mai gilashi da daɗin baki, har da share hawaye, munafuka! Da za su tafi ta ce ta ji labarin guɗata, don Allah in yi musu ɗaya ta bankwana. A wurinmu ba a kunyata baƙo a kan abin da bai fi ƙarfinka ba. Na kama hanci na rangaɗa.

Ranar da shirin ya fito, a tsakar gidana muka taru kan wayar maƙwabcinmu. Ba rafi, ba ƙwarya, ba ƙafar yaro. Mahaƙa aka nuna kamar jarumai, ana ta kiɗa. Ɗaya ya fito daga rami ya ɗaga ɗan zinare sama, sai ga fuskata ta cika waya ina guɗa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka fice. Aminiyata kaɗai ta tsaya ta tambaye ni me aka ba ni. Na rantse da Allah ko sisi ban karɓa ba, ta ce ai idonta ya gani.

Tun daga nan samari ke kwararowa daga garuruwa, kowa da diga, wai sun gani a talabijin. Rafin ya mutu, mijina ya kife jirginsa a tudu ya daina kamun kifi. A kasuwar Yelwa har 'yan kabu-kabu suna tsokanata in yi musu ɗaya.

Ban yafe wa matar nan ba, kuma ba zan yafe ba, mu haɗu gaban Allah. 'Yan'uwana na bakin ruwa, in mai kyamara ya zo yana tausaya muku, ku sani ba kukanku ya zo ɗauka ba, abin da zai sayar yake nema. Kada kunyar baƙo ta sa ku ba shi ko da murmushi. Ni na bayar, ga shi har yau duk mako da muryata ake buɗe shirin.