Amaryar Da Ba Ta Da Reshe

Kafin rana ta leƙo katangar gidan Mai Rijiya, an riga an ji tsintsiyarta. Ta share ƙofar ɗakinta, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmar nan da gefenta ya zazzare, ta girka kujerarta 'yar tsugunno a gindin bango. Sai ta jera kayan aiki a murfin kwano: kibiyar tsaga, da mataji mai giɓi, da gwangwanin man kitso. Ba ta gama zama ba mata sun fara sallama, kowacce da ɗankwali a hannu da kai buzu-buzu.

Inna Amarya ke nan, makitsiyar ƙauyen. Tana 'yar budurwa aka kawo ta daga wani gari mai nisa, aka ce ga Amarya ta iso, sunan ya manne mata. Yau kanta fari fat, bakinta ba haƙori, waɗanda suka raɗa mata sunan duk sun kwanta dama, amma ko yaron da ya fara koyon magana Inna Amarya zai ce. Da wasa ake faɗa, ana dariya. Sai da aka sauke bulo a ƙofar ɗakinta, aka ce ta tattara ta koma wajen danginta, sannan aka gane ashe ba wasa ba ne. Garin bai taɓa ɗaukarta wadda ta gama zuwa ba.

Kitso ne sana'arta, amma ba shi kaɗai ake tashi da shi daga tabarmarta ba. Gidaje huɗu ne suka sare dajin da ya zama ƙauyen nan: gidan Mai Rijiya, gidan Maƙeri, gidan Mahauci da gidan Mai Jaki. Duk wanda ke yawo a cikinsa yau daga ɗayansu ya fito, ko daga biyu, ko daga duka, don an yi ta auratayya har zaren ya cukurkuɗe. Mutum ɗaya ce ta san bakin zaren, ita ce kuwa wadda ba ta da ɗigon jini a cikinsu. A wajen uwar mijinta ta ɗauka. Tsohuwar ta makance, ta daɗe a kwance. 'Ya'yan cikinta sai su leƙo daga bakin ƙofa su ce sannu su wuce, Amarya ce ke juya ta, ta wanke ta, ta tsefe mata kai. Ita kuwa makauniya ba ta da abin ba ta sai abin da ke cikin kanta, sai ta riƙa zuba mata: wane ya haifi wane, wance daga wane ɗaki ta fito, wa ya rasu a shekarar fari, wa ya yi fushi ya bar gari. Amarya ta kwashe tsaf.

Da mace ta kwantar da kai a cinyarta, ta zura kibiya ta tsaga, sai karatu ya tashi.

"Kai jama'a, wannan ƙeya! Ta gidan Maƙeri ce, taurin kai har a gashi. Tsaya mana. Ke fa jikar Dogo ce, Dogo ɗan Mai Tsini, Mai Tsini ɗan Maƙerin farko. Uwar Dogo kuwa 'yar gidan Mahauci ce, shi ya sa ba kya iya wuce nama."

"Wayyo Inna, da zafi fa!"

"Kakarki ma haka ta yi mini raki, a nan inda kike kwance."

Ana dariya ana matse hawaye, a tashi da kitso a ka da kakanni a kunne. Matan nan su koma gida su maimaita wa mazansu, mazan kuma su fita majalisa su faɗa da babbar murya kamar su suka sani.

Matar mai injin niƙa ta sha ba da labarin wani mutum da ya zo daga birni a mota, da 'yarsa. Mahaifinsa ya rasu bai bar masa komai na asali ba sai sunan ƙauyen. Dattawa suka dube shi sama da ƙasa suka ce ba su gane ba. Har ya buɗe mota zai koma, ita matar ta ce ya gwada tsohuwar gidan Mai Rijiya. Amarya ba ta yi masa dogon bincike ba. Cewa ta yi a miƙo mata yarinyar, kitsonta ya tsufa. Ta tsefe, ta tsaga, sai ta tarar gashin ya murɗa wuri biyu a tsakar ka. Ta ɗago.

"Mahaifinka bahago ne?"

"Bahago ne, Inna."

"In ya yi fushi yana in'ina?"

Mutumin ya gyaɗa kai.

"To ɗan Gajere ne na gidan Mai Jaki, wanda ya yi zuciya kan rabon gona ya tafi. Ƙanwarsa na nan da ranta, gida na bayan injin niƙa. Je ka gaishe da gwaggonka."

Ƙaton mutum da shadda ya durƙusa a bakin tabarma yana kuka. Ita kuwa ta ƙarasa wa yarinyar kitsonta, don ba ta barin kai rabi.

Amma abin da ya jawo mata baƙin jini ba wannan ba ne. Shekarun baya, da ƙasar noma ta yi wa mutane kaɗan, gidaje uku suka haɗa baki za su raba gidan Mai Jaki da gonakin bakin rafi. Wai su baƙi ne, kakansu ɗan dako ne da ya zo daga baya ya raɓe. Wanda ya ja gaba shi ne ɗan ƙanen mijinta, wanda ake ce wa Mai Shago, shi ke riƙe da gidan Mai Rijiya tun rasuwar mijin nata. A bayanta ya girma. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ita ta goya shi, ita ta tauna ta ba shi. Shi ya ce a kira ta gaban mai gari ta yi shaida, don kowa ya yarda da bakinta, shi kuma ya ɗauka bakin nan na gidansu ne.

Ta zo da mayafinta, ta zauna gefe, ta gaishe da dattawa.

"Ni dai abin da tsohuwa ta gaya mini shi zan faɗa," in ji ta. "Ku 'yan gidan Mai Rijiya, kakanku ya haƙa rijiya, gaskiya ne. Amma ƙasar da ya haƙo, a ka ya kwashe ta? Jakin wa ya kwashe? Ranar da ya iso nan da ƙishirwa, matar Mai Jaki ce ta ba shi ruwa daga tulunta, 'yarta kuma ya aura. In su baƙi ne, to ku jikokin baƙuwa ne."

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce kowa ya riƙe gonarsa. A hanyar gida Mai Shago ya cim mata, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, a gidanmu fa kike ci, a gidanmu kike kwana."

"Gidanku, ɗana?"

Ya juya ya wuce. Tun daga ranar gaisuwarsa ta gajarce.

Ke ce, Inna, kika tsaya tsakanin mutane da gonar ubansu, ba ki da sanda, ba ki da ɗa namiji a bayanki. Kin san sarai ɗakin da kike kwana na wa ne, kin kuma san abin da ake so ki faɗa. Kalma ɗaya da kin haɗiye, da yau kina gindin bangonki. Makitsiya mai tsaga a miƙe, ko a gashi ko a magana.

Bara ƙungiyar 'yan gari ta ce za a zana bishiyar asali a bangon ɗakin taro, don na baya su san tushensu. Aka ɗauko mai fenti. Wa zai gaya masa sunaye? Aka turo shi bakin tabarmar Amarya, ya yi ta zarya, tana kitso tana jero masa, ba ta rage ko jaririn da ke goye ba. Bishiya ta fito da kyau, saiwa huɗu, rassa har kusa da rufi. Maza ne rassan. Mata kuma aka yi su 'yan ganyaye, kowacce a jikin reshen da ta haifa. Ranar da aka buɗe bangon gari ya taru, kowa na nuna kakansa da yatsa. Mai fenti, da yake baƙo ne bai san dawan garin ba, ya juya a gaban jama'a ya ce, "Af, Inna, ke fa ina za mu sa ki?"

Ta haihu, ba wai ba ta haihu ba. Uku ta haifa, duk ta binne su kafin yaye. Sunan mijinta na nan a bangon, wani ɗan kututture da bai tsiro da komai ba. Mai Shago ne ya amsa, yana murmushi kamar mai gyara kuskuren yaro.

"Ai ganye sai da reshe. Ita ba ta da reshe."

Wasu suka yi 'yar dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ita ta dubi bangon tun daga saiwa har sama, ta ce, "Fenti ya yi kyau." Ran nan ba ta shimfiɗa tabarma ba. Abin takaici ne, kuma abin kunya ne, a ce kowane suna a bangon nan daga bakinta ya fito, amma aka rasa tafin hannu guda na bango da za a rubuta nata.

Bana hannun ya ƙi. Yatsun sun kumbura sun lanƙwashe, kibiya na suɓuce mata, mata suka fara zamewa zuwa wajen masu ƙuruciya. Sai ga bulo. Mai Shago ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗaki, da ladabinsa.

"Inna, kin tsufa, hannu ya gaji. Gara ki koma cikin danginki ki huta. Ɗakin nan kuma yana kallon titi, shago zan fitar."

"Waɗanne dangi?"

"An samo jikan wanki a waya. Ya ce a kawo ki."

Jikan da ba ta taɓa gani ba, a garin da ta baro kafin a haifi ubansa. Aka jira a ji wani ya ɗaga murya. Gidan Maƙeri suka ce maganar cikin gida ce. Gidan Mahauci suka ce ai Mai Shago ya yi ƙoƙari da ya riƙe ta zuwa yanzu. Gidan Mai Jaki, waɗanda har gobe daga bakin rafi suke ci, suka aiko da sabulu da gaisuwar Allah ya kiyaye hanya.

Da safiyar ranar da motar ɗaukarta za ta zo, an fitar da akwatinta da ƙullin tabarma, sai ga babbar 'yar Mai Shago, wadda aka sa ranar aurenta zuwa wani gari, da kai a tsefe. Ta ce ita ba wanda zai taɓa mata kai sai Inna. Amarya ta kwance tabarma ta sake shimfiɗawa. A hankali ta yi, tana cije leɓe, kitson ba ya kamuwa kamar da. Amma karatun bai yi gargada ba. Ta jero mata tun daga ubanta har zuwa mai haƙa rijiya da 'yar Mai Jaki.

"Riƙe shi da kyau," ta ce. "Inda za ki, ba wanda zai tambaye ki."

Budurwar na kwance, kanta a cinyar tsohuwa. Can ta ce, "Inna, ke fa? Ke 'yar wa ce?"

Tun da aka kawo ta garin nan ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Kibiya ta tsaya. Ta faɗi sunan mahaifinta, ta ce manomi ne, yana da tabo a goshi. Ta buɗe baki za ta ce ɗan wane, sai ba komai. Ta lalubo, ta sake lalubowa. Na Dogo ya zo, na Gajere ya zo, na Mai Tsini ya zo, nata bai zo ba.

"Kin ga," ta ce, tana wata dariya mara sauti, "na manta. Naku ne suka cika wurin."

Ta ƙarasa kitson, ta shafa mai, ta ɗaure bakin. Motar ta yi hon a waje.

Tana can da ranta yanzu, a ɗakin bayan gidan wani da yake ce mata "tsohuwar da aka kawo". Ɗakinta ya zama shago, teburin kaya na tsaye daidai inda kujerarta take a da. Bishiya na nan a bango, fentin ya fara ɓarewa ta wajen saiwa, ranar da ya goge ban san wa za a tambaya ba.

Mun gode, Inna. Mun gode da kan da kika gyara, da gwaggon da kika mayar wa maraya, da gonar da kika bar wa masu ita. Ke ce kika riƙe wa gari asalinsa har naki ya suɓuce. Allah ya saka miki, don mutane ba su saka ba. Masu karatu kuwa, in kuna son koyi da ita, ku faɗi gaskiyar tushe ko da gidanku za ta taɓa. Kuma duk gidan da ke da tsohuwar da aka kawo daga nesa, a je yau a zauna a bakin tabarmarta, a tambaye ta ita 'yar wa ce, tun tana iya tunawa.