Magen Mai Ƙosai

A shekarun da mutanen bakin tafki suka kwararo Difa suna gudun masu bindiga, wata mata daga Barwa ta sauka a ɗakin da ke jikin zaurena. Mijinta masunci ne, bai tsira ba. Abin da ta iso da shi kaskon tuya ne da wata mage mai ruwan toka a cikin kwando. Ta kafa murhu a ƙofar gidana tana tuya ƙosai, masu fitowa daga sallar asuba suna saye, da haka take ci.

Bayan wani lokaci magen ta rame, bakinta ya yi gyambo. Wani likitan dabbobi da ya zo duba awakin unguwa ya ɗebi jininta ya auna. A gaban jama'a ya ce cuta ce mai raunana garkuwar jiki, kuma don a gane da sauƙi ya ƙara da cewa, "Kamar sida take, wato ƙanjamau, amma ta mage." Ya bayyana cewa ba ta kama ɗan Adam, ba ta kama akuya, tsakanin mage da mage take yawo ta hanyar cizo, kuma idan an kula da wannan za ta iya yin shekaru. Duk cikin bayanin nan, kalmar sida kaɗai mutane suka kai gida.

Washegari ƙosai ya huce a faranti, babu mai saye.

Maƙwabcina, wani Badamagare mai kanti, ya tare ni ya ce, "Goni, ka yi hankali. Na ga magen nan tana shan ruwa a ƙwaryar alwalarka."

Na ce, "Alhaji, ai likita ya ce ba ta kama mutum."

Ya ce, "Likita ya shiga mota ya koma Yamai. Mu ne za mu zauna da ita."

Tun ina ɗalibi na karanta a gaban malamaina cewa mage ba najasa ba ce, kuma ana alwala da sauran ruwan da ta sha. Na zaci idan ilimin addini da na likita suka haɗu a kan magana ɗaya, zukata za su natsu. Saboda haka kafin azahar na ajiye wa magen ruwa a ƙofar masallaci, ta sha, na yi alwala da abin da ya rage. Na kuma ci ƙosan matar kowa yana gani. Sai na ji wani a bayana yana cewa, "Goni ya riga ya ci zamaninsa. Mu muna da ƙananan yara."

Da kwanaki suka tafi a haka, matar ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Baba Goni, ta wace hanya zan rabu da magen nan wadda babu zunubi?"

Na ce kashe ta bai halatta ba, tunda ba ta cutar da kowa, kuma ta bar mini ita a cikin gida. Ta ce muddin ana jin kukanta a gidan nan, babu mai taɓa farantinta. Ta sa ta a kwandon da ta zo da ita, ta kai ta bakin kogin Komadugu wajen gonakin tattasai, ta dawo idanunta jajawur.

Masu saye ba su dawo ba. Maganar ta riga ta sauya: yanzu cewa ake yi ita kanta matar ta kamu, ga shi nan tana ramewa. Yunwa ce ta ramar da ita, na kuwa faɗa, ba a ji ba. Abin da nake aika mata daga tukunyarmu bai ishe ta ba, kuma ba mace ba ce mai son zaman jira. Wata safiya ta ɗaure kaskonta, ta shiga motar Tumur.

Bayan tafiyarta magen ta dawo da ƙafarta, ta kwanta a tokar murhun. Ni nake ciyar da ita har yau. Ta yi shekarun da likita ya ce za ta yi, tana ratsa unguwa, babu wanda ya kamu da komai, babu kuma wanda ya ambaci haka. Matar kuwa, na tambayi masu zuwa daga can har na gaji, ban sami wanda ya san inda take ba.