Kyamara Mai Kunne

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin saƙa buhu da ke Sharada ya san Mubina 'yar Ringim. In bai san fuskarta ba, ya san muryarta. Shekara tara tana tsaye gaban injin saƙa, inda ba a magana sai ihu, har muryar ta dushe, ta koma kamar ana jan garwa a kan siminti. Abin bai taɓa damun ta ba sai da Kamilu ya shigo ciki.

Kamilu ɗan lodi ne a kamfanin, amma ran Lahadi darakta yake zama, ya tara ma'aikata su yi dirama a tura a waya. Ya ba ta fitowar mai tuwo-tuwo. Ta haddace maganganunta, ta sha rana, har tukwanenta ta ara musu. Ranar da fim ya fito, aka yi cincirindo a bakin get ana kallo. Ga Mubina, bakinta na motsi, amma wata siririyar muryar yarinya ce ke fita. Wuri ya kaure da dariya.

"Anti Mubina, ashe akwai wata a ajiye!" in ji wani.

Kamilu ya ce, "Rufin asiri na yi miki, Anti. Taki fasa sifika take."

Da ta kwashi adashinta, ta hau adaidaita sai shagon Malam Inuwa a titin Beirut. Ya jera mata kyamarori uku, ya ɗaga mai ƙyalli.

"Hajiya, wannan hotonta kamar ki taɓa mutum."

"Malam, tana ji?"

"Ji kuma?"

"Ku kunna mu fita waje."

Suka fita bakin titi, janareto na ruri, 'yan adaidaita na hon. Ta karanta wa kowace kyamara magana iri ɗaya. Biyu suka kwaso hayaniya zalla. Ta ukun tsohuwa ce ta hannu, gefenta a fashe, hotonta dishi-dishi, amma tana da ramin jona makirufo. Da aka maƙala mata ɗan ƙarami a bakin hijabi, sai ga muryar ta fito ɗaya bayan ɗaya, da kaushinta da komai. Mubina ta taya, ta sake tayawa, ta sa aka haɗa mata da batir na biyu, don ta san halin wutar unguwarsu.

Fim ɗinta na farko gajere ne, na wata mata da ke tsare masu tirela kan sun toshe mata ƙofar gida. Masu ji da kansu a harkar hoto suka ce ya yi duhu. Ma'aikata kuwa suka haddace masifar, har a Challawa da Bompai ana kwaikwayon ta. 'Yan diramar Kamilu suka riƙa zamewa, yau ɗaya gobe biyu, suna komawa wajenta, ita kuma tana ƙirga su.

Wata Lahadi tana ɗauka a bayan kamfani, sai ga shi yana sosa ƙeya.

"Anti, a yi haƙuri. Ina da sabon labari, ba mai iya shi sai ke."

Mubina ta cire makirufo daga hijabinta, ta maƙala masa a wuyan riga, ta danna jan maɓalli.

"Me ka ce, darakta?"

"Na ce a yi haƙuri."

"Tirela ta wuce, ba a ji ba. Ɗaga murya."

Ya dubi yaransa na da, sun zagaye shi suna danne dariya. Ya ɗaga murya.

"A yi haƙuri, Anti Mubina!"

Ta sa abin ji a kunne, ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

"Ya fita tas. Fim ɗinka kuwa ba zan yi ba. Matsa, ka tare mana haske."