Iyon da Kaka Ya Hana Mu

Ranar Talatar da ta wuce ina cikin keke napep zan je Shabu, muka tarar ana facin titi. Warin dafaffiyar kwalta ya bugi hancina, nan take raina ya ɓaci, har mai keken ya waiwayo yana tambaya ko tuƙinsa ne bai yi mini ba. Ba laifinsa ba ne. Da irin wannan kwalta kakana yake liƙe kwalekwalensa, ni kuma shekara talatin da wani abu ke nan ban gama fushi da shi ba, ko da yake ya daɗe a kabari.

A gidansa na tashi, a wani ƙauye na bakin Binuwai, can gaba da Awe. Shi ya haifi Innarmu, kuma duk yankin babu matuƙin da ya kai shi kiyayewa. Ba ya tura jirgi ruwa sai ya bi katakon da tafin hannu yana laluben tsaga. Sai ya ja kowace igiya ya ji ƙarfinta, ya ɗora filafili biyu ko da ɗaya zai karye, da ƙwarya biyu ta kwashe ruwa. Yana da wani babban ƙyalle na buhuna da aka ɗinke, wanda yake ɗaurawa a gora iska ta tura shi, amma ba ya warware shi sai ya tsaya ya daɗe yana kallon gabas. Mutum goma yake ɗauka. Na sha ɗaya, ko surukinsa ne, sai ya jira dawowa. Kafin ya tashi kuma sai ya gaya wa ɗansa, Kawunmu, inda ya nufa da lokacin da za a sa ido.

Na jero maka wannan ne don kada ka ɗauka sakarai ne. Ya san ruwa sarai. Saboda ya san shi ne ma duk rani, idan kogi ya ja baya yashi ya fito fari fat, yake tara jikokinsa maza ya kai su inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya tallafe cikinsu har su iya iyo. Mu mata muna gefe da tulin wanke-wanke. Yayata, wadda ta girme ni da shekara biyar, ta taɓa ajiye tukunya ta ce ita ma a koya mata. Ya yi dariya irin ta wasan kaka da jika.

"Amaryata, ina mace ina tuɓe zani a gaban gari? Kina da ni, me za ki yi da iyo?"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ina da shekara tara abin ya faru, ƙarshen damina, kogi ya cika ya yi ja kamar kunun kanwa. Inna za ta kai gishirin Awe kasuwar tsallake, ta tafi da mu biyu, Kawu ma ya biyo mu. Kaka ya yi duk abin da ya saba, bai tsallake ko ɗaya ba. Mun ci kasuwa lafiya. A hanyar dawowa da la'asar, har muna hango rufin gidanmu, wata iska ta faɗo ta inda ba a zata ba. Kafin Kaka ya kwance igiya ƙyallen ya cika, jirgin ya kwanta, ya kife.

Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: sanyi, da ɗanɗanon laka, da hannun Kaka da ya damƙi wuyan rigata. Kawu ya jawo Inna. Wasu maza biyu suka tallafi matan da ke kusa da su, sauran kowa ya yi iyonsa ya fita. Da aka tsaya a gaɓa aka ƙirga, Yaya ce babu. Sai washegari da hantsi masunta suka same ta, zaninta ya naɗe mata ƙafafu.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwananta ne ya ƙare. Ni musulma ce, na yarda da ƙaddara. Amma na ga mazan da ke cikin jirgin nan sun zo gaisuwa da ƙafafunsu, kuma ba wani ne ya fito da su ba, abin da aka koya musu tun suna yara ne. Kaka ya yi kuka, ban hana shi wannan ba. Ya ƙone ƙyallen, ya yi kwanaki yana juya igiyar a hannu yana neman inda ta ci amanarsa. Ya tuhumi iska, ya tuhumi ƙullinsa, bai taɓa tuhumar maganar da ya faɗa a kan yashi ba. Da rani ya zagayo na same shi na ce ya koya mini. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Ke da ruwa kun rabu ke nan," ya ce.

Cikin mako guda aka kawo ni garin Lafiya wurin Goggo, ƙanwar babanmu. Maganinsa ke nan, a nesanta ni.

Bara na koma ƙauyen biki. Yanzu jiragen inji ne, masu gudu, ana cusa mutane har da babura. Na ga rigunan hana nutsewa guda huɗu, direba ya zauna a kan biyu, ya jingina da biyu. Mata sun cika tsakiya da goyo. Na tambayi ta kusa da ni ko ta iya iyo, ta dube ni kamar na zage ta. Da na yi wa direban magana ya ce, "Hajiya, zauna kawai, ba komai." Na sauka na bi doguwar hanya a mota.

Ina dawowa na kai 'ya'yana mata biyu wani otal mai wurin iyo, inda wata mata ke koyarwa ranar Asabar da safe. Da dogon wando da riga suke shiga, amma surutu bai fasa ba. Wata maƙwabciya ta ce na mai da su 'ya'yan Turawa. Na ce mata ta kawo nata.

Watan jiya Inna ta zo ganin likita, ranar Asabar na tafi da ita wurin iyon. Ta zauna a kujerar roba tana kallo, har ƙaramar 'yar tawa ta kama daga wannan bango ta taɓa wancan, ta ɗago tana haki tana dariya. Inna ta daɗe tana auna tsawon wurin da ido. Ba ta taɓa yi mini maganar ranar nan ba, sai a lokacin.

"Iya nan ne fa," ta ce. "Tsakanin yayarki da gaɓa, iya nan ne."

Yarinyar tawa Asabar shida ta yi ta koyi wannan. A ƙauyenmu an sami inji, an sami waya, an sami makaranta, amma har gobe idan rani ya yi maza ne a cikin ruwa, mata suna gefe da tukwane.