Gidan da Na Gina a Gindin Dutse

A shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma hannun dama na yanke shawarar fita daga gidan mahaifina a Gwandu. Mu huɗu ne maza, kowa da iyalinsa, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Ba faɗa muka yi ba, wuri ne ya yi mana kaɗan.

Wuri biyu na samu. Ɗaya wajen Kalgo ne, kusa da fadama, inda iyayen matata suke noman shinkafa da kamun kifi. Ɗayan kuma gindin wani dutse ne a hanyar Kambaza, dutsen jan marmara, da wani kwazazzabo da ya tsaga shi tun daga sama har ƙasa. Matata Kalgo take so. Ni kuwa na taɓa yin kwana uku a can da kaka, sauro ya yi mini abin da ban manta ba, ga danshi har cikin tabarma. Na ce tudu ya fi.

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar. Ko'ina ƙasa ta bushe ƙayau, amma daidai bakin kwazazzabon nan ciyawa ɗanya shar, ƙasar baƙa mai taushi. Na ɗiba na murza a hannu, na shinshina, na ce ruwa na kusa.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ginar rijiya ce sana'arsa. Na kai shi ya gani. Bai ko dubi ƙasar ba, dutsen ya ɗaga kai yana kallo.

"Ka hau bisa?"

"Na duba shi daga nan, Kawu."

"Daga nan mi ka gani? Gindinai ka gani. Mu ba mu zaɓen wurin gida da rani. Hawa kan dutsen za ka yi ka ga abin da ke bisa kanka, ka komo da damina ka ga inda ruwa ke bi."

Na ce, "Kawu, ina daminar take?"

Ya ce, "Ziyara ta tahi, ɗan nan. Tana komowa."

Ban hau ba. Ban kuma jira ba. Da na matsa masa ya gina mini rijiyar, gaba huɗu kacal ruwa ya fito. Na cika ƙoƙo na miƙa masa ina murmushi. Ya wanke hannu da shi, bai sha ba. Na gina ɗaki biyu da rumbu, na yi danga, muka tare.

Shekarar da ta biyo fari ya fi tsanani. Shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a kan hanya. Mu kuwa rijiyarmu ba ta ƙafe ba, har na fara ganin kaina mai wayo. Sai dai kullum ungulaye na shawagi a kan dutsen.

Wata rana matata tana daka, ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Malam, ungulayen nan mi suke nema bisa kanmu?"

Na ce, "Iska suke sha."

"Ungulu da shan iska? To, Allah ya kyauta."

Idan rana ta take wani wari kan sauko. Na ɗora wa awaki laifi, na sa aka mai da turkensu bayan gida. Warin bai daina ba, hancina ne ya saba.

A damina ta uku ruwa ya dawo. Wata Juma'a bayan la'asar aka yi shi kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya ƙofar ɗaki ina hamdala, sai na ji ƙugi daga wajen kwazazzabo. Ruwan dutse ja yake zuwa, na san wannan. Wannan baƙi ne, da kumfa a kansa. Ya ture danga ya shigo tsakar gida ɗauke da ƙahoni, da kofatai, da ruɓaɓɓun fatu masu gashi a jiki. Wani haƙarƙarin saniya ya maƙale a gindin rumbu. Tsutsa fari fat a kan ruwan, tana motsi. Ina kallo ruwan ya kewaye bakin rijiya ya fara zuba ciki.

Da ruwan ya ɗauke, matata ta jefa guga ta jawo. Muƙamuƙin jaki ne a ciki da haƙoransa. Ta saki igiyar ta koma gefe tana amai.

Washegari na hau dutsen. Hawan bai kai tafiya daga gidan mahaifina zuwa masallacin Juma'a ba. A can sama na tarar da burtali, da wani ƙauye a bayan dutsen wanda ba a hangensa daga ƙasa. Duk dabbar da ta mutu a shekara biyun nan, kan kwazazzabon aka jawo ta aka tura. Har lokacin akwai saura jibge, ƙuda ya rufe su. Kuma tun kafin fari, nan ne mutanen ƙauyen suke zagayawa, manya da yara. Sai da na duba inda zan sa ƙafa. Na tuna baƙar ƙasar da na murza na kai hancina. Na tuna shekara biyu ke nan ruwan nan muke sha, da shi muke alwala, da shi ake dama mini fura.

Wani dattijo yana zaune ƙarƙashin aduwa, ya ce, "Kai ne mai gidan ƙasa? Mun daɗe muna mamakinka."

Na ce, "Baba, me ya hana ku gaya mini?"

"Yaushe ka hawo ka gaishe mu?"

Na sauko na je wurin Kawu, na roƙe shi ya yashe mini rijiyar. Bai yi mini gori ba. Cewa ya yi, "Ko sau goma na yashe ta, ruwanta daga can yake zuwa. Cike ta, kar wani baƙo ya sha."

Kwana tara muka ƙara a gidan. Matata ta ƙi ko wanke tukunya da ruwan, sai ta tafi nesa ta ɗebo a kai. Gindin rumbu ya jiƙe ya zube, geron ya ɗauki warin da ko kaji ba su so. Awaki biyu da suka sha ruwan tsakar gida suka kumbura suka mutu. A rana ta goma na ari jakai muka nufi Kalgo. Sauro na nan yadda na bar shi. Har yau ba na kai ƙoƙo baki sai na leƙa cikinsa.

Abin da na bari a gindin dutsen: ɗaki biyu, rijiya ɗaya, rumbu ɗaya da dami goma sha bakwai na gero, awaki biyu, da noman damina ɗaya.